Tambaya: Wane abincin teku ne ya dace da Verdicchio, kuma yaya wanda ba ya sha zai gane?

Ɗan Zango

Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Shekara uku ke nan ina aiki a wani gidan cin abinci da ke bakin teku kusa da Ankona, a yankin Marke na Italiya. Da wanke kwanuka na fara, daga baya aka mayar da ni gyaran kifi, sai bara uwar ɗakina ta ga Italiyancina ya nuna, ta fito da ni zauren baƙi ina karɓar oda ina kai abinci tebur. Abincin gidan kusan duk na teku ne: kifi gasasshe da soyayye, jatan lande, ƙumba, da taliya da romon kifi. Matsalar ita ce mutanen nan ba su cika cin kifi ba sai da farar giyar inabi a gefe, kuma da yawansu ba sa zaɓa da kansu, sai su ɗago kai su ce mini, "Me ka ga ya dace da wannan?" Ni kuwa Musulmi ne, ban taɓa kai ta bakina ba, ba kuma zan kai ba.

A takardar abin shan gidanmu akwai wadda ake kira Verdicchio, suna furta sunan kamar "Bardikkiyo", kuma ita kaɗai kala shida ce. Wasu kwalaben an rubuta musu Castelli di Jesi, wasu Matelica, biyu suna ɗauke da kalmar Superiore, ɗaya kuma Riserva, kuɗinsu ya tashi daga yuro 16 har zuwa 45. A idona duk ruwa ɗaya ne.

Ranar Asabar da ta wuce wani dattijo da matarsa suka yi odar ɗanyen jatan lande da ƙumbar nan ta Portonovo da ake kira moscioli, wadda aka buɗe a tukunya da tafarnuwa kawai. Da ya tambaye ni abin sha, sai na nuna masa mafi tsada, wato Riserva, domin a tarbiyyarmu abin da ya fi daraja ake ba babban mutum. Na buɗe na zuba masa kaɗan, ya juya kofin, ya shinshina, ya kurɓa, ya ɗauki jatan lande ɗaya ya ci, sannan ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Giyar tana da kyau, yaro, amma ba ta wannan kwanon ba ce." Bai yi faɗa ba, ya ma biya kuɗinsa, sai dai uwar ɗakina tana tsaye a bayana ta ji komai, kuma da aka tashi ta ce mini lallai in koyi abin nan kafin baƙin bazara su cika gari. Kafin wannan ma, wata mata ta taɓa shinshina kofi ta mayar da kwalba sabuwa fil ba tare da ta kurɓa ba, har yau ban san laifin da ta gani ba.

Ina roƙon wanda ya san harkar ya yi mini bayani: mene ne bambancin waɗannan kwalabe, wacce ke tafiya da wane abinci, kuma da wace hujja, yadda zan iya ba baƙo shawara ba tare da na ɗanɗana ba?

Maryamu 'yar Wusasa

Sannu da aiki, ƙanena. Ni Kirista ce, ina ɗan sha idan an zauna cin abinci, kuma na yi zangon farko na kwas ɗin ƙungiyar masana giyar inabi ta Italiya, AIS, wadda aka kafa a Milan a 1965, saboda ni ma aikin zaure nake yi a wajen Senigaliya. Zan gaya maka abin da harshena ya ji, ka ajiye shi a ka kamar yadda mai sayar da magani yake sanin aikin ƙwayar da bai taɓa haɗiya ba.

Dattijon nan gaskiya ya faɗa, kuma hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Ɗanyen jatan lande abu ne mai laushin ɗanɗano, yana da ɗan zaƙi-zaƙi da ƙamshin ruwan teku, wanda abu kaɗan ke dannewa. Riserva kuwa doka ta ce sai ta yi aƙalla wata 18 a ajiye kafin a fito da ita kasuwa, wasu ma a cikin gangar katako, saboda haka ta yi nauyi a baki, ƙamshinta ya koma na zuma da gasasshen almon da busassun 'ya'yan itace. Ka haɗa su, giyar ta cika baki, jatan landen ya zama kamar ba a ci komai ba. Kamar ka kawo wa mutum kunun gyaɗa mai kauri ne ka ce ya kora ɗanyen kokwamba da shi. Abin da kwanon yake nema shi ne ƙaramar kwalbar nan ta yuro 16, ta girbin bara, mai sanyi.

Bari in kwatanta maka ita yadda take a kofi. Launinta na busasshiyar ciyawa ne mai haske, idan ka karkata kofin a kan farin ƙyallen tebur sai ka ga gefen yana ɗan walƙiyar kore, kuma daga nan sunan ya fito, domin "verde" kore ke nan da Italiyanci. A hanci, ɓawon lemun tsami ne ya fara zuwa, sai ɗanyen tuffa, sai wani ƙamshi na furanni da ganyen finocchio ɗin daji, wani tsiro mai ƙamshi da ke fitowa a gefen hanyoyin nan. A baki tsami ne ke gaba, tsami mai tsinka miyau amma ba mai kashe haƙori ba, sannan wani abu mai kama da gishiri-gishiri ya biyo, daga ƙarshe bayan an haɗiye sai wani siririn ɗaci ya tsaya a bayan harshe. Italiyawa suna kiran wannan ɗacin na almon, kuma shi ne alamar da ake gane Verdicchio da ita. Ni da na fara jin sa goro ya tuna mini, sai dai ka rage ɗacin goron sau goma, ka cire baurinsa. Zaƙi kuwa babu shi, domin an bar sukarin inabin ya ƙare ƙaf wajen tsimuwa.

Waɗannan abubuwa uku, tsami da gishiri-gishiri da ɗan ɗaci, su ne dukan sirrin. Aikin da lemun tsami yake yi idan ka matsa shi a kan soyayyen kifi, ya yanke maiƙo ya kwantar da ƙarni, shi giyar take yi, ɗacin ƙarshen kuma ya wanke baki ya shirya shi ga loma ta gaba. Kai da ka yi gyaran kifi ka riga ka san wane kwano ne mai maiƙo, wanne ne mai laushi, wanne ne mai nauyi, saboda haka rabin ilimin yana hannunka. Shawarar da malaminmu ya fi nanatawa ita ce kada mu tsaya ga sunan kifin, mu dubi abin da aka yi masa a madafi. Kifi ɗaya ne, amma idan ɗanye ne ko an turara shi, giya mai sauƙi yake so. Idan an gasa shi a garwashi da garin burodi da man zaitun, yana son wadda ta ɗan fi ƙarfi. Idan ya daɗe a murhu da dankali da tumatir, a nan ne mai nauyi take da wurin zama.

Game da sunayen da ke kan kwalaben: Jesi, wanda suke furtawa Yezi, gari ne a kwarin kogin Esino, tafiyar kamar kilomita 30 daga Ankona, kuma "Castelli" su ne ƙananan garuruwa masu ganuwa da ke kan tuddan da suka kewaye shi, irin su Cupramontana da Staffolo da Montecarotto. Kwarin a buɗe yake ta gabas, iskar tekun Adiriyatik tana shiga, saboda haka inabin yana nuna cikin sauƙi, giyar kuma ta fi laushi da ƙamshin 'ya'yan itace. Matelika kuwa tana can ciki, a wani kwari mai tsayi da ya miƙe daga arewa zuwa kudu tsakanin duwatsu, wanda iskar teku ba ta kai masa. Rana tana da zafi, dare yana da sanyi, inabin ya riƙe tsaminsa, giyar ta fito da kaifi. Gonakinta kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na Jesi. Matelika ta sami matsayin DOC, wato shaidar hukuma ta asalin giya, a 1967, Jesi a 1968, kuma a duka biyun doka ta ce aƙalla kashi 85 cikin 100 na inabin ya zama Verdicchio. Kalmar Classico tana nufin tsohon yankin noma na asali, Superiore kuma tana nufin an rage yawan amfanin da ake ɗiba a gona kuma inabin ya fi nuna, don haka ta fi jiki da ƙarfi.

To ga yadda nake yi a teburina. Ɗanyen kifi, moscioli, taliya da ƙananan ƙumba, duk Jesi 'yar bara. Soyayyun ƙananan kifaye da kalamari (wata dabbar teku mai hannaye da yawa), waɗanda maiƙo ya yi wa yawa, na fi son in ba da Matelica saboda kaifinta. Gasasshen kifi da ƙananan kifayen nan da ake kira sardoncini, Superiore. Riserva ɗinka kuwa ka adana ta ga wanda ya yi odar stoccafisso, wato dafaffen busasshen kifi irin na Ankona, ko babban kifi da aka gasa a tanda. Za ka ga wasu tsofaffi suna tambayar kwalba mai siffar tulu. Kamfanin Fazi Battaglia ne ya fito da ita a shekarun 1950, ita ce ta kai sunan giyar ƙasashen waje, har mutane suka daɗe suna ɗaukar Verdicchio abin sha na yau da kullum kawai, kafin manoma irin su Ampelio Bucci su nuna a shekarun 1980 cewa tana iya shekaru a kwalba tana ƙara kyau.

Matar da ta mayar da kwalba kuma, kusan tabbas toshiyar ce ta ɓata giyar. Wani sinadari da ake kira TCA yakan samu a toshiyar ɓawon itace, ya sa giya warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da aka rufe duk damina. Ba ya cutar da lafiya, kuma ba laifinka ba ne. Italiyawa cewa suke yi "sa di tappo", wato tana warin toshiya. Idan ka ji wannan kalma kada ka yi musu, ka ɗauke kwalbar da kofin duka, ka kawo sababbi. Ka kuma kula da sanyi: ƙaramar tana son digiri 8 zuwa 10, Riserva kuwa wajen 12, domin idan ta yi sanyi ƙarara ƙamshin da mutum ya biya kuɗi dominsa ba ya fitowa.

Alhaji na Biresha

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na karanta tambayarka, na kuma karanta amsar baiwar Allah Maryamu, wadda ta yi maka bayani tsakani da Allah bisa abin da ta sani. Ni shekarata ashirin da shida a ƙasar nan, a masana'antar ƙarfe na yi aiki har ƙarfina ya ƙare, kuma na san yadda takardar zama take ɗaure da kwantiragin aiki, don haka ba zan ce maka ka ajiye aiki gobe da safe ba. Amma ba zan ga abu in yi shiru ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito a kan giya bai tsaya ga mai sha kaɗai ba, ya ambaci mutum goma, a cikinsu akwai mai ɗaukarta da mai shayar da ita da mai sayar da ita. Ka samu malamin da ya san halin zaman Turai ka faɗa masa yadda aikinka yake dalla-dalla, ka ji abin da zai ce game da lalura da iyakarta. Idan kuma akwai hanyar da za ka koma madafi, ko ka riƙa kai abinci wani ya riƙa buɗe kwalba, ka neme ta da lalama.

Ina kuma da tambaya ga masu aikin girki, domin abin ya shafe ni. Jikokina sukan kai ni cin kifi idan mun sauka bakin teku, kuma sau da yawa ina ganin mai dafa abinci yana tsiyaya farar giya a kasko kafin ya zuba ƙumba. Idan na yi magana sai a ce mini wuta ta cinye ta, babu abin da ya rage. Shin haka ne? Mu Malikawa duk abin da ya fito daga teku halal ne a wurinmu, ba kamar 'yan'uwanmu na Bangaladash masu bin mazhabar Hanafi ba, waɗanda da yawansu kifi kawai suke ci, amma wannan abin da ake tsiyayawa shi ne yake hana ni sakin jiki.

Kuku Sani

Barka da war haka, Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Zan fara da tambayarka, domin shekara tara ke nan ina gaban murhu a San Benedetto del Tronto, kuma amsar ita ce wuta ba ta cinye ta duka. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka take amfani da su sun nuna cewa idan aka zuba giya a abinci aka bar shi yana tafasa a hankali na minti 15, kimanin kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan. Bayan awa ɗaya kashi 25 ya rage. Sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko zuwa kashi 5. Ƙumba kuwa minti biyar take yi a wuta. Saboda haka idan ka zauna ka ce musu "senza vino", wato ban da giya, tun wajen oda. Ba wani abu ba ne mai wuya, domin ƙumba ruwan cikinta ya ishe ta, kuma idan aka matsa lemun tsami a ƙarshe babu wanda zai ce an rage wani abu. Wanda ba za a iya cire masa ba shi ne abin da aka riga aka dafa tun safe a babbar tukunya, musamman stoccafisso irin na Ankona, wanda ake zuba wa Verdicchio da yawa tare da man zaitun da dankali. Wannan busasshen kifin Norwe ne, shi ne dai wanda Ibo suke kira okporoko a kasuwanninmu, Italiya da Najeriya ne manyan masu sayensa, sai dai a nan kwanaki ake yi ana jiƙa shi kafin ya ga wuta.

Sai ɗan'uwana Ɗan Zango. Yaya Maryamu ta yi bayani mai kyau, amma ta tsallake kwanon da zai fi ba ka wahala, wato brodetto, miyar kifin da kowane gari a gaɓar nan yake cewa tasa ce ta asali. A Ankona al'ada ta ce kifi iri 13 ake sawa, da tumatir da ɗan ruwan khal. A Porto Recanati ba a sa tumatir, ana sa wani fure da suke kira zafferanella wanda ke mayar da romon ruwan ɗorawa. A nan San Benedetto kuwa ɗanyen tumatir kore muke sawa da tattasai da khal mai yawa, domin abincin masunta ne da suke dafawa a cikin jirgi. Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne khal abokin gabar giya ne. Ni ban sha ba, amma na ga kofuna suna dawowa madafi rabi, kuma na tambayi masu sha: tsamin khal ya fi na giyar ƙarfi, sai ƙaramar Verdicchio ta zama lami a baki kamar ruwa. Don haka idan baƙo ya yi odar brodetto kada ka ba shi 'yar yuro 16 ɗin nan da ta yi daidai da ɗanyen jatan lande, ka ba shi Superiore. Akwai ma tsofaffin masunta a nan da ba sa shan fara da brodetto sam, ja suke nema.

Haka kuma barkono. Idan baƙo ya ce a ƙara masa yaji a taliyarsa, barasa tana ƙara wa yaji zafi a harshe, don haka mai ƙarfi ba ta dace ba. Ka kuma lura da kalmar "in porchetta" a kan dodon koɗin teku da ake kira raguse. Na yi shekara guda ina gudunsa ina zaton naman alade ne, ashe a Marke kalmar tana nufin an dafa abu da finocchio ɗin daji da tafarnuwa irin yadda ake yi wa gasasshen alade. Duk da haka ka tambayi mai girkin, domin wasu sukan sa kitse.

Abu na ƙarshe, wanda nake ganin zai fi yi maka amfani. Kana iya horar da harshenka ba tare da giya ba. Ka ɗauki soyayyen kifi loma uku. Ta farko ka kora da ruwa zalla, ka ji yadda maiƙo ya zauna a dasashi. Ta biyu ka kora da ruwa mai gas da aka matsa wa lemun tsami aka jefa ɓawon a ciki, ka ji yadda bakin ya washe, ɓawon kuma ya bar ɗan ɗaci. Ta uku ka kora da lemon kwalba mai zaƙi, ka ji yadda ƙarni ya taso. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ya fahimci abin da Yaya Maryamu take nufi. Ni a gida jiƙon tsamiya nake yi ba sukari, in sa a firji, in ci gasasshen kifi da shi. Akwai kuma agresto, wanda ake yi da ruwan inabin da bai nuna ba, tsohon abu ne a girkin Italiya. Idan ka samu wanda ba a haɗa da khal ba ka surka shi da ruwa mai gas, za ka iya miƙa wa baƙon da ba ya shan giya, ya fi lemukan kwalba irin su chinotto da Crodino dacewa da kifi, domin su zaƙinsu ya yi yawa.

Maryamu 'yar Wusasa

Malam Sani, na karɓi gyara a kan brodetto, kuma gwajin loma ukun nan zan koya wa yaran da ke ƙarƙashina. Amma ina so in ja kunnen ƙanena game da jar giya, kada ya ji masunta suna sha ya ɗauka kowace ja ce. Jar giya tana da bauri, irin wanda ake ji idan an ciji ɗanyar ayaba ko an sha shayin da ya daɗe a buta, kuma idan baurin ya haɗu da man kifi sai baki ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Wasu masu bincike a Japan sun wallafa a 2009 cewa sinadarin ƙarfen da ke cikin giya shi ne yake tayar da ƙarni bayan an haɗiye abincin teku, sun kuma yi gwajin ne da naman wata irin ƙumba. Saboda haka idan baƙo ya nace sai ja da brodetto, a ba shi 'yar sabuwa marar bauri sosai, a ɗan sanyaya ta, ko kuma giya mai launin ruwan hoda. Rosso Conero, jar giyar yankin Ankona, idan ta daɗe a ganga ta nama ce. Da ɗanyen kifi kuwa, ko ya nace, ka gaya masa gaskiya sau ɗaya cikin ladabi, sannan ka kawo masa abin da ya ce, tunda bakinsa ne da kuɗinsa.

Baba Alhaji, na ji maganarka da girmamawa. A gidan da nake aiki akwai wani yaro ɗan Senegal da ba ya taɓa kwalba. Shi yake karɓar odar abinci, ni nake bi da abin sha, kuma shekara biyu ke nan ba a taɓa samun matsala ba.

Ɗan Zango

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Alhaji, maganarka ta shige ni, kuma ranar Juma'a bayan an sauko na tsaya na yi wa limaminmu bayani, ya ce in dawo ranar Lahadi mu zauna a natse. Na kuma yi wa uwar ɗakina maganar tsarin da Yaya Maryamu ta ambata. Ba ta amsa ba, ba ta kuma ƙi ba, ta ce a ranakun da ɗanta yake zaure shi zai riƙa buɗe kwalba, sauran ranakun kuwa sai ta ga yadda za a yi idan an ɗauki ma'aikatan bazara.

Gwajin Malam Sani na yi shi da ragowar soyayyen kalamari bayan an rufe, ina tsaye a bakin wurin wanke-wanke da kofuna uku a gabana, har mai wanke kwanuka yana yi mini dariya. Loma ta uku, wadda na kora da lemon kwalba, sai da na kurkure baki.

Jiya kuma dattijon nan ya dawo shi kaɗai, ya yi odar moscioli da soyayyun ƙananan kifaye. Da ya ɗago kai sai na ce masa ga ƙumbar Jesi 'yar bara ce ta dace, amma tunda soyayye zai biyo baya kuma kwalba ɗaya zai sha, Matelica za ta ɗauki duka biyun. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya koya maka?" Na ce wata yayata ce. Ya ce a kawo Matelica, ɗan uwar ɗakina ya buɗe masa, kuma bai ajiye kofin ba wannan karon.

Saura abu ɗaya, Yaya Maryamu. An ƙara sabon kwano a takardar wannan makon, taliya da jatan lande da carciofi, wani kayan lambu da ake cin tohon furensa, kuma na ji mai girkinmu yana cewa carciofi yana mayar da kowace giya mai zaƙi-zaƙi a baki. A cikin kwalabe shidan nan, wacce zan nuna idan an tambaye ni?